Neman kalma: me za mu kira "division d'infanterie de forteresse" da Hausa?

Hajara: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin tarihi kan faɗuwar Faransa a hannun Jamus a watannin Mayu da Yunin 1940, kuma gobe da yamma rubutun zai shiga hannun mai karantawa. Abin da ya tsaya mini shi ne division d'infanterie de forteresse, wani nau'in rundunar sojan ƙasa ta Faransa da aka kafa don tsaron ginannun wuraren kariya. Guda biyar ne, daga ta 101 zuwa ta 105, an kafa su ne a watannin farko na 1940 a bakin iyakar arewa da gabashin ƙasar. Na sa "rundunar bariki" amma bai kwanta mini ba.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Cire bariki, bariki wurin kwanan soja ne. Waɗannan an ba su yanki ne a bakin daga aka ce kada su motsa. Ki ce "dibishin ta tsaron iyaka". Mai sauraro ya saba jin Dibishin ta 1 a Kaduna da ta 7 a Maiduguri, nan take zai gane girman abin.

Ɗan Damagaram: Tsaron iyaka zai kai hankalin mutane kan kwastan da jandarma. Malama Hajara, ki dubi yadda aka gina su tukuna. Division ta yau da kullum tana da rajimanti uku na sojan ƙasa, rajimanti biyu na manyan bindigogi da dawakan jansu, da rukunin 'yan leƙen gaba, mutum wajen 16,000. Ita ta forteresse an cika ta da mashinga da bindigogin fasa tanka masu bakin milimita 25, amma an hana ta ƙafa. Motoci da dawakai kaɗan ne ƙwarai, manyan bindigoginta kuma na dasawa ne, wasu ma ƙirar shekarun 1870, an kafa su an auna inda harsashi zai sauka tun kafin yaƙi. Kalmar da za a zaɓa dole ta nuna rashin motsin nan. Ina ba da "girkakkiyar runduna", tunda muna cewa an girke sojoji a wuri kaza.

Malam na Wurno: Me ya kai mu ƙirƙira alhali muna da kalma tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello? Ribaɗi. Wurno ribaɗi ce, an zaunar da mayaƙa bakin iyaka su tsare ta, ba su tashi. Rundunar ribaɗi, an gama magana.

Baban Ummi: Allah gafarta Malam, ribaɗi gari ne, da iyali da gona da makaranta, kuma zamansa ibada ne. Ka ɗora shi kan sojan Faransa a ramin kankare, masu sauraro za su kira gidan rediyo su yi ƙorafi.

Malam na Wurno: To ku da kuka kawo mana "dibishin" wa ya yi ƙorafi? Kullum Hausar jaridun Kano da Kaduna ce ke shiga rediyo, kalmar da ta fito daga yammacin ƙasar Hausa sai a ce ta tsufa. Kalmar kakanninmu ta fi Turancin da aka lanƙwasa wa baki daraja.

Uwar Gida Zazzau: Malam, ribaɗin ma daga Larabci muka karɓo shi, kamar yadda muka karɓi bataliya da soja daga wani wajen. Ni abin da ya dame ni da runduna shi ne mun ɗora mata kaya da yawa: rundunar soja gaba ɗaya, rundunar 'yan sanda, har rukunin mutum ɗari. A shirin nan akwai matakai uku a jere. Ta 102 tana ƙarƙashin corps na 41, shi kuma yana ƙarƙashin armée ta 9 ta Janar Corap. Idan duka ukun runduna ne, mai sauraro ya ɓace. A bar dibishin don wannan matakin. Ga forteresse kuma muna da kagara.

Malam na Wurno: Kagara shinge ce ta ƙaya da itace. Ribaɗi ya fi ta cika.

Ɗan Damagaram: Kagara ta fi kusa, amma a kula. Wanda ya ji forteresse zai zaci manyan gine-ginen Layin Maginot, wato jerin kariyar da Faransa ta gina a iyakarta da Jamus, na ƙarƙashin ƙasa masu jirgin ƙasa da injin wuta. Waɗannan biyar ba su riƙe irinsu ba. Ta 101 a Maubeuge ƙananan kagarori huɗu ta samu, waɗanda aka gina kan tsofaffi. Ta 103 a Strasbourg, ta 104 a Colmar da ta 105 a Mulhouse ɗakunan kankare ne jere a gaɓar kogin Rhin. Ta 102 ta Janar Portzert ita ce ta fi shiga wahala: an shimfiɗa ta a gaɓar kogin Meuse fiye da kilomita 30, tazarar da ta ninka abin da ake ba division guda, da ƙananan ɗakunan kankare kawai.

Ga abin da ya sa nake nacewa kan girkewa. Ranar 13 ga Mayu dibishin ta 6 ta tankokin Jamus ta iso Monthermé, inda kogin ya yi lanƙwasa ya kewaye wani tudu. An riga an fasa gada. Jamusawa suka haye da kwale-kwalen roba da kan ɓaraguzan gadar, amma masu mashinga na demi-brigade ta 42, wani ɓangare na dibishin ta 102, suka toshe wuyan tudun, suka tsayar da su har safiyar 15 ga wata. Muddin suna cikin ramukansu sun yi aikinsu. Da layin ya karye aka ce a ja baya, sai a ƙafa, manyan bindigogi aka bar su inda aka dasa su. Kafin dare tankokin sun kai Montcornet, kilomita kusan 60 a bayansu, suna tsintar su a hanya. Tsarin ne ya kashe dibishin ɗin.

Hajara: Masu mashingan nan, na ga an rubuta coloniaux, wato sojojin mulkin mallaka na Faransa. Akwai mutanenmu na Nijar a ciki?

Ɗan Damagaram: Kada ki faɗi haka a shirin. Demi-brigade ta 42 mutanen Madagaska ne aka sa a cikinta, ta 52 da ke wajen Charleville-Mézières kuma akwai 'yan Indochine, wato yankin su Biyetnam. 'Yan Afirka ta Yamma suna cikin rajimantocin tirailleurs sénégalais, a wasu dibishin na dabam.

Malam na Wurno: Duk bayanin nan ribaɗi yake siffantawa. Mutanen da aka ɗaure a wuri guda, asalin ma'anar kalmar ke nan. Amma na ga an riga an yanke.

Uwar Gida Zazzau: Ba a yanke ba Malam, "girkakkiya" ma tana da matsala. Kowace dibishin ana iya girke ta yau a kwashe ta gobe, kalmar ba ta nuna cewa haka aka gina ta ba. Kuma tana da nauyi a baki idan za a maimaita ta sau goma.

Hajara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan yi: karon farko mai karantawa zai ce "dibishin ta tsaron kagara, wato girkakkiyar rundunar sojan ƙasa da ba a tanadar mata abin tafiya ba". Daga nan sai "dibishin ta kagara ta 102". Armée zan ce babbar runduna. Corps har yanzu ban samu ba.

Malam na Wurno: Ban gamsu da dibishin ba, kuma ba zan rubuta ta ba. Idan dai kagarar za a yi, a gaya wa mai karantawa ya bayyana cewa ta kankare ce, kada a zaci ta ƙaya. Corps kuma a buɗe masa zance na dabam bayan Alhamis, don ba kalmar da za a samo cikin dare ɗaya ba ce.