Babbar sallah a Manchester, ya kuke yi da yara?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka daɗe a Ingila. Ni 'yar Kano ce muna Manchester da maigida da yara uku, babbar sallah ta matso amma wlh ko ɗokinta bana ji. Ta bara ranar aiki ta faɗo, shi aikin dare yayi ya dawo ya kwanta, yara suka tafi makaranta, ni kaɗai a gida na kira Hajiyarmu a bidiyo ina jiyo hayaniyar masu suya a bayanta, ina kashe waya sai kuka. Abinda yafi damuna babban ɗana mai shekara 8 yace min wai Kirsimeti tafi sallah daɗi tunda ita ana hutu ana ƙawata gari. Yanzu maigida yace mu tura kuɗin rago gida a yanka a can, ni kuma so nake yara su ga layya da idonsu har na fara tunanin in kwashe su mu tafi Kano sati biyu su ga hawan Daushe. Me kuke gani?

Wata a Birmingham:
Wa alaikumussalam 'yar uwa. In dai ba hutu ake ba kar ki kwashe yara, tun 2024 tarar fam 80 ce kowane yaro kuma ke daban maigida daban, in aka wuce kwana 21 ba'a biya ba ta koma 160, ki lissafa yara uku ga kuɗin jirgi. Amma ranar idin kanta haƙƙinsu ne, doka ta yarda yaro ya ƙi zuwa saboda ranar ibada, ki rubuta wa makaranta tun yanzu kawai. Mu Small Heath Park muke zuwa idi, mutane dubbai ga lilo ga masu abinci, ku ma ai kuna da Platt Fields Park. Me ya kai ki zaman gida ranar sallah fisabilillahi?

Wani a Bradford:
Hajiya maganar su ga yanka ki cire rai, nan ba'a yanka a bayan gida, sai mayankar da gwamnati ta amince da ita. Zuwa zakuyi wajen mahaucin halal ku bada suna da kuɗi ku ce qurbani, haka 'yan Pakistan ke kiranta, naman kuma sau da yawa sai washegari ko rana ta uku yake isowa. Ni ina bayan maigidanki, a can akwai waɗanda sai sallah suke ganin nama, kuma wakilci a layya ya halatta. In da hali ayi biyu.

Wata a Kano:
Kai ku mutanen Turai da tsurfa, ki bari a soya miki a nan a bawa mai tahowa ya kawo miki har da dambu da kilishi, shikenan an wuce wajen.

Wata a Birmingham:
A'a Anti kar ki ja mata, an hana shigo da nama daga Najeriya ko soyayye ne ko busasshe, a filin jirgi zasu ƙwace. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji dai muna tahowa dasu.

Wata uwa a Landan:
'Yata ni na aurar da yaran da na haifa a nan, bari in faɗa miki, yaron nan bai yi ƙarya ba. Kirsimeti gari ne yake yi masa ita, sallah kuwa in baki tashi kin yi ba babu mai yi miki. A Kano baki taɓa shirya sallah ba, tashi kike ki ganta a ƙofar gida. Ki nemi gida uku ko huɗu na 'yan uwa, ba dole sai Hausawa ba ko Yarbawa ko 'yan Sudan ne, ku raba girki wata tuwo da miyar taushe wata masa wata suya, daren sallah ku haɗa 'yan mata a yi musu lalle, da safe kowa yasa ɗinkinsa, bayan idi a zaga da yara gida gida kowane babba ya basu barka da sallah a hannu, tsabar kuɗi ba kati ba. Haka muka fara a falo ɗaya yanzu sai mun kama hol. Maigida kuma ya nemi hutu tun da wuri, kwana biyu zai nema dan masallatan nan wasu Saudiyya suke bi wasu Maroko. Kiran gida kuma ki daina yinsa ke kaɗai a kicin, ki bari sai kowa ya shirya, in lokacin zafi ne agogonmu ɗaya da Najeriya, su gaida kakanninsu su nuna kwalliya.

Mai tambaya:
Nagode Mama Allah ya ƙara girma, nagode kowa. Mun yi magana da maigida, rago zai tafi gida mu sayi cinya biyu a nan in soya. Tafiya Kano sai hutun Agusta in Allah ya kaimu. Saura ɗinki, telan namu har yau bai ɗaga waya ba. Dan Allah 'yan Manchester da ke cikin gidan nan ku min magana ta gefe mu tsara, ni na ɗauki masa.