Awa takwas gare mu a birnin: ina za mu fara, yaushe za mu ci abinci?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ranar Talata mai zuwa za mu ratsa wani babban birni da ban taɓa zuwa ba, ni da Mama da ɗana mai shekara 7. Jirgin ƙasanmu zai isa ƙarfe 10 na safe, wanda zai ɗauke mu kuma zai tashi ƙarfe 6 na yamma. Na rubuta wurare biyar: gidan tarihi, tsohuwar kasuwa, hasumiyar da ake hawa a hangi gari, bakin kogi, da wurin wasan yara. Mama shekararta 68, gwiwa na damunta, tana kuma shan maganin ciwon suga, don haka abincin rana ba abin wasa ba ne a wurinmu. Ga akwatuna biyu. Mu ci abinci kafin mu shiga gidan tarihin ne, ko sai mun fito? Kuma biyar ɗin za su yiwu? Mama ta daɗe tana marmarin ganin garin nan, ba na so ta koma gida da gajiya kawai.

Tsohon Direba:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, awa takwas ɗin nan a takarda ne. Fara lissafi daga ƙarshe. Jirgin ƙarfe 6 yana so ki kasance a tasha ƙarfe 5, saboda karɓar kaya da neman inda zai tsaya, ga tsohuwa da ba za a ce ta yi sauri ba. Ke nan ƙarfe 4:15 kun baro wuri na ƙarshe, tunda daidai lokacin ma'aikata ke fara tashi, titi ya cushe. Da safe kuma, kafin ku sauka, ku shiga banɗaki, ku ajiye akwatuna, ku sami mota, 11 ta buga. Awa biyar suka rage. Cire ɗaya da 'yan mintuna na abinci. Wuri biyu za ki gani da kyau, na ukun sai idan a kan hanyarku yake. Akwatunan ki bar su a ma'ajiyar kaya ta tashar, yawancin manyan tashoshi suna da ita. Ki tambayi lokacin da take rufewa kafin ki miƙa.

Uwar Biyu:
Ni kan abincin zan tsaya, don shi ne ginshiƙin ranarku. Ki fara tambayar Mama ƙarfe nawa ta saba ci da shan maganinta, ki kafa wannan lokacin, sauran abubuwa su bi bayansa. Wasu magungunan suga, idan aka sha aka jinkirta abinci, sukan sa sugan ya faɗi, mutum ya fara jiri da gumi da rawar jiki. A tsakiyar layin tikiti ba wurin da za ki so hakan ya same ta ba ne. Ki sa ɗan abin taɓawa da ruwa a jakar hannunki, ba cikin akwatin da kika bari a tasha ba.

Shawarata ku ci tsakanin wuri na farko da na biyu, ya zama shi ne hutun gwiwarta. Idan lokacin maganin ya ba da dama, ku zauna wajen 12:30, kafin ma'aikatan ofisoshi su cika wurin. Kada ki bari sai yunwa ta kama kowa sannan a fara yawon neman inda za a ci. A nan ne yaro ke fara kuka, a faɗa duk inda aka gani. Tun yau ki zaɓi gidan abinci biyu kusa da gidan tarihin, ɗaya na tsayawa idan ɗayan ya cika, ki duba jerin abincinsu a intanet ki tabbatar akwai abin da Mama za ta iya ci. Na bakin ƙofar wuraren yawon buɗe ido galibi sun fi cunkoso, ki matsa layi ɗaya ko biyu baya. Ki kira ki kama tebur, ki tambaye su ko akwai matakala, ko banɗakinsu a ƙasa yake. Mutane ba sa tuna wannan sai sun ga tsohuwa tsaye gaban bene. Sannan a wasu birane kicin kan rufe wajen 2:30 ko 3 sai dare, to kar ki ce "sai mun gama komai".

Mai Yawo:
Talata kika ce? Kafin komai ki buɗe shafin gidan tarihin da kansa ki duba ranar hutunsu. Da yawa Litinin suke rufewa, amma ba duka ba: Louvre na birnin Faris ranar Talata yake hutu, haka Fadar Topkapi ta Istanbul, ita kuma babbar kasuwar Istanbul mai rufi Lahadi ba ta ci. Na taɓa kai iyalina har ƙofar wani gidan tarihi muka tarar da shi a kulle, har yau abin na yi mini ciwo. Idan suna sayar da tikiti mai lokaci, ki sayi na 11:00 ko 11:15 ta waya, ku tsallake layi. Manyan gidajen tarihi da yawa suna ba da aron kujera mai taya, ki nema a bakin shiga. Kuma kada ki yi ƙoƙarin zagaye shi duka, ki zaɓi ɗakuna biyu ko uku tun kafin ku shiga.

Ɗan Auta:
Anti, me zai hana ku hau bas ɗin nan mai hawa biyu da ke zagaya gari da baƙi? Mama na zaune za ta ga duka biyar ɗin.

Tsohon Direba:
Ɗana, bas ɗin yana da daɗi ga mai kwana biyu. Hanya ɗaya yake bi, idan ka sauka sai ka jira na baya, kuma cunkoso na riƙe shi kamar kowa. Ga wahalar hawa saman ga mai ciwon gwiwa. Da tasi biyu gajeru sun gama. Wani abu kuma, 'yata: idan Google Maps ya ce miki tafiyar minti 10 a ƙafa, lissafin mai lafiya ne da ke cin kusan kilomita 5 a awa. Da Mama ki ɗauka 20 ne. Ki saukar da taswirar garin a wayarki tun daga gida, ko data ta yanke tana aiki.

Malama:
Duk an yi magana mai kyau. Amma kin tambayi Mama wanne ne a ranta? Tunda ita ta daɗe tana son zuwa, ita ya kamata ta zaɓi na farko.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Malama, na tambaye ta yanzu, ashe ba gidan tarihin ba ne ma a gabanta, bakin kogin take so ta zauna ta kalli jiragen ruwa. Na duba, gidan tarihin yana buɗe Talata, na sayi tikitin 11:15. Mama ƙarfe 1 take cin abinci, na sami wuri mai tebur a ƙasa tsakaninsa da kogin, sun ajiye mana na 12:45. Daga nan bakin ruwa har ƙarfe 4, akwai kujeru, yaron ma zai sami filin gudu. Hasumiya da wurin wasan na soke su. Baba Direba, kasuwar tana gefen tasha, tafiyar minti 5 a taswira. Idan muka iso da wuri, mu leƙa, ko in haƙura?

Tsohon Direba:
Ki fara karɓo akwatunan, ki zaunar da Mama kusa da inda jirgin zai tsaya. Idan 5:15 ba ta yi ba, ki leƙa ke kaɗai, minti 20, ki sa ƙararrawa a waya. Allah ya kai ku lafiya, a gaishe da Mama.