Zazzaɓi shekara 2 bayan aikin zuciya, dan Allah wa ya san wannan?

Maman Khalil:
Salam jama'a. Babanmu ne aka yi wa aikin zuciya a ƙasar waje aka sa mishi bawul (ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya), shekara 2 kenan lafiya lau har gona yake zuwa. To wata huɗun nan kullum da daddare gumi yake har ya jiƙa zanin gado sharkaf, sai Umma ta canza mishi riga sau biyu kafin asuba, ga zazzaɓi sama-sama ga rama, bel ɗinsa ma sai da aka ƙara huda shi. An yi maganin maleriya an yi na taifod, gwajin majina na tibi ya nuna babu. Wlh hankalina a tashe yake, ko aikin ne?

Ɗan Zariya:
Allah ya ba Baba lafiya. Dan Allah ku daina sayen antibayotik a kemis, yana ɓoye ƙwayar cuta idan an zo gwajin jini. Mai bawul in zazzaɓi ya ƙi tafiya, wajen likitan zuciya ake komawa a yi mishi eko, wato hoton zuciya.

Anti Nas:
'Yar uwa ba tsorata ki zan yi ba, abin ba kasafai yake faruwa ba, amma ki ambata wa likitan Mycobacterium chimaera. Dangin ƙwayar tibi ce, sai dai GeneXpert, wato gwajin majina na tibi, ba ya kama ta kuma ba a ɗauka daga mutum. A birnin Zurich na ƙasar Switzerland aka fara gano ta a jikin waɗanda aka yi wa aikin zuciya, a 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta yi gargaɗi kan na'urar 3T mai ɗumama jini da sanyaya shi lokacin aiki, wai tun daga masana'anta a Jamus ƙwayar ta shiga tankin ruwanta. Ruwan ba ya taɓa jini fa, fankar na'urar ce ke feso ƙwayar cikin iskar ɗakin tiyata ta sauka a ƙirjin da yake buɗe, sai ta lafe jikin bawul wata da watanni har shekaru. Gwajin jininta na musamman ne, yana kai sati 6 zuwa 8. Kuma kar a yi saurin ba Baba sitiroid (maganin rage kumburi mai raunana garkuwar jiki) kafin a tabbatar ba ita ba ce.

Maman Khalil:
Na gode Anti, na rubuta sunan a bayan katinsa. Yaya ya nemo takardun aikin a jakar Umma, Litinin da sassafe za mu kai shi in sha Allah.