Ɗanyen tanki: neman sunan abin da ya kashe min kifi

Jama'a, kalma nake nema. Wata biyu da suka wuce na sayi tankin gilashi mai cin lita 60, na cika shi da ruwan famfo, a ranar na zuba kifayen ado takwas. A kwana na tara na wayi gari biyu sun juya ciki sama, sauran sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki. Ruwan kuwa garau, kai ka ce na sha ne. Kafin mako ya zagayo, saura ɗaya tal.

Duk wanda na tambaya sai ya ce ban yi wa tankin "cycling" ba. Ga abin da ake nufi. Kifi na fitar da amoniya, ruɓaɓɓen abinci ma haka, kuma guba ce. Akwai bakteriya da ke mayar da ita naitirayit, wadda ita ma guba ce, don tana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Hakin da na gani ke nan. Wasu bakteriyar kuma su mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa ta canja kamar kwatan ruwan duk mako. Sabon tanki ba shi da waɗannan ma'aikata, sai an ba su mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. To wannan jiran, me za mu kira shi da Hausa? Da na tambaya, an kawo shawarwari, ga yadda na gan su.

Malam da ya ce "zagaye", na gode, fassarar ta yi daidai. Amma ka ce wa mutum ya yi wa ruwa zagaye, injin tace ruwan tanki zai kunna, ya ga ruwa na juyawa, ya ce ai an gama.

"Kwanan ruwa" ma ban karɓa ba, Hajiya. Barin ruwa ya kwana kulorin da ake sa wa ruwan famfo kawai yake kora, ba ya haifar da bakteriya ko ɗaya. Haɗa su a suna ɗaya ruɗani zai kawo.

"Tsimi" ya ja ni sosai. Masu rini a Ƙofar Mata sun san baba ba ya ba da launi ranar da aka zuba shi a marina, sai ya tsimu, kuma can ɗin ma aikin bakteriya ne. Matsalar dai, da ka ce tsimi hankalin mutane ya tafi wajen magani (ban ce wane iri ba, kun dai gane). Kuma tsimi ruwan ake nufi, alhali nan ba a cikin ruwa abin yake ba. A soson injin tace ruwa da jikin tsakuwa bakteriyar suke zaune. Shi ya sa wanda ya wanke soso tas da ruwan famfo yake mayar da kansa baya. A tsohon ruwan tankin ake ɗauraye shi.

Yayata ce ta raba gardama, ita da ba ta taɓa kiwon kifi ba. Ta ce: "Kai dai ka ce ɗanye ne, bai nuna ba." Ai kuwa! Muna da ɗanyen gini, muna da ɗanyen jego, duk abubuwan da ido ke gani kamar sun kammala alhali lallaɓa su ake yi. Ga shi kalmar na juyuwa yadda ake so: ɗanyen tanki, nunar da tanki, tankina ya nuna. Mai shago zai iya cewa "kar ka zuba su duka, tankinka ɗanye ne", ba sai ya ƙara bayani ba.

Ta ƙara da cewa dabarar ɗauko guntun soso daga tsohon tanki a sa a sabo don ya yi saurin nuna, ai yadda ake zuba ɗan tsohon nono a madara ne ta zama kindirmo. Wannan ma mu ce "iri".

Ni dai na tsaya a kan "nuna". Jiya na gwada nawa: amoniya sifiri, naitirayit sifiri. Ranar Asabar zan kawo wa gwauron nan abokai biyu, ba takwas ba.