Masu boilar gumin shinkafa: haɗa kwal da ragowar katako

Mai injin shinkafa, Kura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Itace ya yi tsada, masu boila, wato tukunyar tururi, da yawa sun koma haɗa kwal da ragowar katakon kafintoci da na rusau. Maƙwabta na ta kukan tari da yajin ido. Wanda ya san aikin ya faɗa mana abin da ya gani.

Makanikin boila, Haɗeja:
Wa alaikumus salam Alhaji. Katako ai suna ya tara. Tsagin katako zalla, busasshe, da sauƙi. Masifar tana cikin filawud, da allon da aka manna wa roba, da ƙyaure mai tsohon fenti, da turakun lantarki masu baƙin mai. Gam da roba ke ba da hayaƙin nan mai sa hawaye. Tsohon fenti kuwa sau da yawa akwai dalma a cikinsa, gubar da ta kashe yara a Zamfara a 2010. Katako mai kore-kore ma a ware shi, sau da yawa maganin gara ya sha mai gubar asenik, kuma wuta ba ta cinye gubar, hayaƙi da toka take bi. Shi kansa kwal yana ɗauke da farar wuta, ita ke shaƙe maƙogwaro, ita ke cin bututu har ya ɓule.

Mai hura wuta, Bunkure:
Zubin ma da laifinsa. In aka danƙara ɗanyen itace kan kwal lokaci guda, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya fito baƙi ƙirin. Shebur biyu ko uku, a baza, a bar fanka na aiki, sai ya kama a ƙara. Tokar itace in ta gauraya da ta kwal takan narke ta dunƙule kamar dutse, ta toshe raga, iska ta daina shiga ta ƙasa. A riƙa sokewa da ƙarfe, a goge kunkunniyar bututun ciki duk mako.

Ma'aikaciyar lafiya, Garun Malam:
Don Allah Alhaji a duba lokaci. Da asubar hunturu hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake kan gidaje da shanyar shinkafa, jarirai da masu asma ke fara jin jiki. Mai hura wuta in ya ce kansa na sara yana jin jiri, a fito da shi fili nan take. Iskar da ke sa haka ba ta da wari.

Manomi, Auyo:
Tokar irin wannan haɗin kar a kai ta gona da sunan taki, balle fadamar kayan miya.