Tiga: wani na sa albarka, wani na Allah ya isa

Malamin Firamare, Wudil: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wajen ɗaurin aure hira ta kai ga madatsar ruwa ta Tiga. Wani dattijo daga Kura ya ɗaga hannu yana yi wa Audu Bako, gwamnan da ya gina ta, addu'a har muryarsa na rawa. Wani dattijon daga Guri, can ƙasan kogi a Jigawa, bai ce uffan ba, ya ɗauki takalmansa ya bar tabarmar, ko goro bai karɓa ba. Ni dai na ce ruwa ba ya tsami banza. In abu ɗaya ya sa wani hawaye ya sa wani fushi, to a cikin hawayen da fushin za a tono gaskiyarsa. Me kuka gani?

Na Kura: Wa'alaikumus salam Malam. Wace gaskiya kuma za a tono? A fili take. Kafin a gama Tiga a 1974, da an yi girbi mazanmu sai cin rani. Yanzu ka zo Kura ko Kadawa ko Garun Malam a watan Maris ka ga kore: shinkafa, alkama, tumatir, motoci na lodi a Kwanar Gafan. Wanda ya ji haushin wannan, a duba zuciyarsa.

Ɗan Masunta, Guri: Yaya na Kura, a duba zuciyarmu? Zo ka duba gonarmu tukuna, in ka same ta. Ciyawar kachalla ta cinye. Da can ruwa kan zo da damina ya malale fadama, a yi shinkafa, a kama kifi, ya janye, a shuka wake a danshinsa, shanu su samu ciyawa. Yanzu rani da damina ruwa na kwance, ƙasa ba ta bushewa, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsu jan-baki ya samu gida a cikinta. Yaranmu tun asuba suna gona suna kaɗa gwangwani.

Injiniya: Ku yi haƙuri, ni ban yarda da Malam ba sam. Zafin rai ba hujja ba ne. Duk shekarar da aka yi ambaliya, kamar 2022, sai ka ji ana rantsuwa wai an buɗe Tiga an sako mana ruwa. Alhali in ya cika da kansa yake tumbatsa, kuma ruwan sama da ya sauka a ƙasan madatsar ba ruwansa da Tiga. Ga madatsar Challawa da aka gama a 1992, ita ma a kogin Hadejia take zuba, amma ba a cika ambatonta ba. Fushi suna ɗaya yake kamawa ya riƙe.

Malamin Firamare, Wudil: Injiniya, ban ce mai fushi yana da gaskiya a kan dalili ba. Mai ciwon haƙori kan nuna haƙorin da ba shi ba, amma ciwon na nan. Abin da nake tambaya, me ya sa sunan Tiga kaɗai ke tayar da dattijo daga tabarma?

Gwaggo Mai Shinkafa, Bunkure: Bari in sa baki 'ya'yana. Da turara shinkafar nan na aurar da 'ya'ya uku, don haka ba na son a zagi dam a gabana, jikina har ɓari yake. Amma na zauna na tambayi kaina, ɓarin na mene ne? Tsoro ne. Na ga farin 1973 da idona, ina yarinya. Dattijon Kura ba Audu Bako kaɗai yake wa kuka ba, yunwar da ya tsallake yake tunawa.

Na Kura: Gwaggo kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, ba zan musa ba. Amma ai su ma suna da noman rani a Auyo.

Ɗan Masunta, Guri: Auyo daban, Guri daban, Yaya. Kuma tunda Gwaggo ta faɗi nata, ni ma in faɗi nawa. Lokacin da aka gina Tiga duk jiha ɗaya muke, sai 1991 aka yanke Jigawa. Audu Bako gwamnanmu ne mu ma. Abin da ke ci wa iyayenmu rai, kakanninsu sun san ranar zuwan ruwa da ranar tafiyarsa, da shi suke lissafin shuka da kamun kifi da biki. Yau wani ne a ofis yake riƙe da wannan lissafin, kuma ba a taɓa zama da su an tambaye su ba.

Injiniya: To wannan magana ce ta rabon ruwa da yashe kogi, aikin Hukumar Kogunan Hadejia da Jama'are. Da ita aka fara da ba a kai ga ɗaukar takalmi ba.

Malamin Firamare, Wudil: Da bai ɗauki takalmin ba, Injiniya, da wa zai tambaya?

Injiniya: Har yanzu ban sauka ba Malam. Sau nawa aka yi fushi a ƙasar nan a kan jita-jita zalla?

Na Kura: Ɗan Masunta, kachallar nan in an yanke ba ta mutuwa ne?

Ɗan Masunta, Guri: Sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba ta sake tofowa. Ka zo bayan sallah da laujenka, akwai kwalekwale.