Faɗin bututun salansa na sanyaya injin dizal, ko ƙara ce kawai?

Mai walda: Assalamu alaikum. Ni a wurina duk a-kori-kurar dizal mai turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta ƙara tura wa inji iska, in ka cire mata bututun kamfani ka sa mai inci 5, zafi zai sauka, ƙarfi ya ƙaru. Bakin inci 5 ya fi na inci 4 fili da kashi 56 cikin ɗari. Ai shi ya sa masu Ram da Ford a Amurka suke yi.

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne, wannan "duk" ɗin ce ban yarda da ita ba. Turbo tana juyawa ne da bambancin matsin hayaƙin da ke shigarta da wanda ke bayanta, don haka in bayan ya saki, takan ɗauka da wuri. Amma sai in dama bututun ne ya shaƙe ta. Dubi Ford mai injin Power Stroke mai lita 7.3, ƙirar 1994 zuwa 1997. Guntun da ke saukowa daga turbo matse shi kamfani ya yi, ya zama shafaffe, don ya samu wucewa tsakanin inji da bangon gaban direba. Canza shi kaɗai da zagayayye mai inci 3 yana sauke zafi a fili. Daga inci 4 zuwa 5 kuwa, a injin da ba a taɓa ba, kunne ne zai ji bambanci, ba ma'auni ba.

Mai jan tirela: Baba ya faɗi gaskiya. Ram mai injin Cummins mai lita 6.7 nake aiki da ita, kuma na sa ma'aunin zafin hayaƙi gabanin turbo. Iyakar da masu wannan sana'a ke kiyayewa ita ce 1,250 a ma'aunin Farenhait, kusan 680 ke nan a Salsiyos. Abin da ke kai allura can shi ne mai ya yi wa iska yawa: lodi mai nauyi, hawan dutse, babbar giya, ƙafa a ƙasa. Da na rage giya inji ya ƙara juyi, nan take take sauka.

Mai walda: To Oga, wanda ya taɓa kwamfutar motar ya ƙara mata mai fa? Hayaƙin ya ƙaru, ta ina zai fita?

Tsohon bakanike: Wannan kam na ba ka. Amma ka ga mun bar "duk" mun koma "wasu".

Mai wayarin: Ni abin da ke damuna daban ne. Zafin ba ɓacewa yake ba, wuri yake canzawa. Ƙaton bututu yana matsowa kusa da tiyon birki, da wayoyi, da safaya. Na taɓa kwance wayoyin da robarsu ta narke don an bar musu tazarar da ba ta kai yatsa biyu ba, an kuma jefar da farantin kare zafi saboda bai shiga ba.

Mai walda: Sai a naɗe shi da ƙyallen hana zafi mana.

Mai wayarin: Ƙyallen yana riƙe laima, Malam. A jihohi irin Mishigan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, baƙin ƙarfe ruɓewa yake a ƙarƙashinsa ba ka sani ba. Faranti mai barin iska a tsakani ya fi min kwanciyar hankali.

Mai jan tirela: Akwai kuma maganar shekara. Tun 2007 waɗannan motoci ke fitowa da DPF, matatar da ke kama baƙin hayaƙi, kuma sai zafi ya kai wajen 600 a Salsiyos take ƙone abin da ta tara. Ita ce matsattsiyar, faɗaɗa abin da ke bayanta bai tsinana komai, cire ta kuma laifi ne a dokar tsaftar iska ta Amurka. Ramukan nan da kuke gani a bakin salansar kamfani, iska suke jawowa ta gauraya da hayaƙin don ya huce. Ka sa santalelen bututu, wannan zafin zai daki gaban tirela ko busasshiyar ciyawar da ka tsaya a kai.

Ɗan koyo: Baba, Hilux mai injin lita 2.8 fa? Wani na so a sa masa inci 4.

Tsohon bakanike: Silinda huɗu ce, yaro, girmanta bai kai rabin Cummins ba. Fara duba matatar iska da nozul mai fesa mai da tiyon turbo, in akwai zafi galibi can yake.

Mai walda: Ni dai sai na ga allura da idona. Oga, akwai wanda ka sani zai canza bututu? A auna kafin, a auna bayan, lodi ɗaya, hanya ɗaya.